Takalmin gudu na kullum: me dokar milimita 40 ta hana, kuma wanne ya dace da ƙasarmu?

A 'yan shekarun nan zancen takalmin gudu ya rikice wa mutane da yawa a arewacin Kamaru. A waya ana ta tura labarin cewa hukumar guje-guje ta duniya ta haramta wasu takalma. A kasuwa kuma mai tebur zai ɗaga maka wani mai kaurin gindi, ya ce, "Alhaji, irin wanda Kipchoge yake sawa ke nan, kada ka bari ya wuce ka." Kipchoge shi ne shahararren ɗan gudun nan na Kenya. Tsakanin waɗannan maganganu biyu mai saye yake tsaye: magidancin da likita ya ce ya rage teɓa saboda hawan jini, ɗalibar da ke shirin jarrabawar motsa jiki ta BEPC ko Bakaloriya, saurayin da ke zagaya filin wasa na Roumdé Adjia a Garwa kowace asuba yana jiran a buɗe ɗaukar 'yan sanda ko jandarma. Kusan dukkansu takalmi ɗaya aljihunsu zai iya ɗauka, kuma shi ɗin za a sa a kwalta, a burji, a rairayi, wata rana ma a leƙa kasuwa da shi.

Abin da ake buƙatar rarrabewa shi ne wane takalmi dokar ta shafa, wane ne bai shiga cikinta ba, kuma waɗanne siffofi ne ke sa ƙafa ɗaya ta takalmi ta iya ɗaukar duk wannan aiki.

Sassan takalmin da ma'aunan da ake ambata

Takalmin gudu hawa uku ne. Akwai saman da ke lulluɓe ƙafa, wanda galibi yadi ne mai raga. Akwai soson da ke tsakiya, shi ne ke shanye bugun ƙasa. Sai robar da ke can ƙasa, wadda ke gogar hanya. Mafi yawan kuɗin takalmi da mafi yawan gardamar da ake yi a kansa duk a kan soson tsakiyar nan suke.

Soson ma iri-iri ne. Wanda ya fi daɗewa shi ne EVA, ana amfani da shi tun shekarun 1970, yana da araha, amma yana lotsawa da tsufa. A 2013 kamfanin Adidas ya fito da Boost, wanda ya haɗa tare da kamfanin BASF na Jamus daga wata roba da ake kira TPU. Ya fi EVA juriya, sai dai ya fi shi nauyi. A 2017 Nike ya kawo soson PEBA a takalman gasa, marar nauyi, mai saurin dawowa bayan an taka shi.

Ma'auni uku ake yawan rubutawa a bayanin takalmi. Kauri shi ne tazarar da ke tsakanin tafin ƙafa da ƙasa, ana auna shi da milimita. Gangare shi ne bambancin tsayi tsakanin diddige da wajen yatsu: idan diddige milimita 36 ne, gaba kuma 28, gangaren 8 ke nan. Na uku shi ne nauyi, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa duk ƙarin giram 100 a kowace ƙafa yana ƙara wa mai gudu kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin da yake ƙonawa.

Masana'antu sun kasa takalman gudu gida-gida: na ranar gasa, na atisayen sauri, na daji da duwatsu, da na kullum. Na kullum shi ne na tsaka-tsaki a komai. Nauyinsa yakan faɗa tsakanin giram 250 da 300 a lamba 42, kaurin diddigensa tsakanin milimita 30 da 40, gangarensa 6 zuwa 10, kuma roba ta rufe mafi yawan gindinsa. A wannan aji ake samun Nike Pegasus, wanda ake fitarwa tun 1983, da Asics Gel-Cumulus, da Brooks Ghost, da Saucony Ride, da Adidas Supernova, da New Balance 880, da Mizuno Wave Rider, da Hoka Clifton. Air Force 1 da Stan Smith da All Star, waɗanda suka cika teburan kasuwa, ba sa cikinsa. An yi su ne don ƙwallon kwando ko tenis, yau kuma sun zama na ado.

Inda dokar ta samo asali

Takalmin da ya tayar da ƙura shi ne Vaporfly na Nike. An haɗa masa soson PEBA mai kauri da wani falle na kabon mai tauri da aka binne a tsakiyar soson. Masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Amurka sun gwada shi a kan 'yan gudu 18, suka ga ya rage ƙarfin da suke ƙonawa da kusan kashi 4 cikin 100 idan aka kwatanta da manyan takalman gasa na lokacin. A gwajin inji, sosonsa ya mayar da kashi 87 na ƙarfin da aka danna masa, na Adidas ya mayar da kusan 76, tsohon samfurin Nike kuma kusan 66. Kamfanin Nike ne ya ɗauki nauyin wannan bincike, amma wasu masu bincike da ba su da alaƙa da shi sun sami sakamako mai kama da haka daga baya.

A ranar 12 ga Oktoba 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da ɗoriya a birnin Biyana cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, sanye da wani sabon samfuri da bai shiga kasuwa ba. Ba a ƙidaya wannan a matsayin bajintar duniya ba, domin shiri ne na musamman da masu ja masa gaba suna canjin juna. Washegari Brigid Kosgei ta karya bajintar mata a Shikago da awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 4, ita ma da takalmin Nike. Nan 'yan wasan da ke da yarjejeniya da wasu kamfanoni suka fara kuka cewa ba ƙafafu ake gwadawa ba kuma, masana'antu ake gwadawa.

A ƙarshen Janairun 2020 hukumar guje-guje ta duniya, World Athletics, ta fitar da ƙa'ida. A gasar kan titi, kaurin takalmi kada ya wuce milimita 40, kuma kada ya ƙunshi fallen mai tauri fiye da ɗaya. An kuma shar'anta cewa takalmin ya zama wanda kowa zai iya saya. Vaporfly ya tsallake, domin bai kai iyakar ba. A gasar cikin fili, wato a kan da'irar mita 400, iyakar ta fi tsanani: tun daga 1 ga Nuwamba 2024 milimita 20 ce. An kuma taɓa hukunta wani a kan dokar. A Satumban 2021 Derara Hurisa na Habasha ya zo na ɗaya a gudun fanfalaki na Biyana, aka ƙwace nasarar saboda kaurin takalminsa ya kai milimita 50.

Wa dokar ta shafa, wa takalmin gasar yake wa amfani

Dokar ta gasa ce, gasar da ake yi ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar, inda ake rubuta lokacin ɗan wasa a hukumance. Ba ta hana ƙerawa ba, ba ta hana sayarwa ba, ba ta kuma shafi atisaye ba. Shi ya sa kamfanoni suke fitar da takalman atisaye da suka zarce milimita 40 a fili, kamar Adidas Prime X da Asics Superblast. Mai gudun asuba a Garwa ko Marwa babu ruwansa da ita. Wanda ya kamata ya bincika shi ne ɗan wasan da zai shiga gasar tarayya ko ta ƙasa da ƙasa, kuma hukumar tana wallafa jerin takalman da ta amince da su a shafinta na intanet. Ɗalibin da zai je wasannin makarantu na FENASCO ko mai shirin gwajin shiga aikin ɗamara ya tambayi masu shirya abin, domin kowanne da sharuɗɗansa.

Cewa takalmin gasa ya halatta a atisaye ba ya nufin ya dace da shi. An yi gwajin Colorado ne a saurin kilomita 14 zuwa 18 a awa, saurin da ƙalilan ne ke iya riƙewa. Da aka gwada masu gudu a kilomita 10 zuwa 12 a awa, ribar ta sauko zuwa wajen kashi 1, wasu ma ba su ga komai ba. Robar gindin takalmin gasa siririya ce don a rage nauyi, diddigensa kuma matsattse ne, yana layi idan aka taka wuri marar daidai. Adidas ya sayar da samfurin da Tigst Assefa ta Habasha ta kafa bajintar duniya da shi a birnin Balin na Jamus a 2023 a kan dala 500, nauyinsa giram 138, kuma an yi shi ne don gasa ɗaya da ɗan atisayen da ke gabanta. A 2023 ɗin ne kuma wasu likitocin wasanni suka ba da rahoton 'yan gudu biyar da suka sami tsagewar wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafa suna amfani da takalma masu fallen kabon. Mutum biyar ba su isa hujja ba, amma sun isa a yi hattara.

Inda masana suka saɓa

Gardama ta farko a kan yawan soso ce. Ɓangare ɗaya yana cewa an halicci ƙafa ta iya gudu da kanta, kuma soso mai kauri yana sa mutum ya riƙa dira da diddige da ƙarfi. Suna kafa hujja da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, da kuma binciken Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard a 2010, wanda ya nuna cewa waɗanda suka tashi suna gudu ba takalmi, har da yara a Kenya, sun fi dira da gaban ƙafa, bugun farko kuma ya fi sauƙi a gare su. Ɗaya ɓangaren yana tunatarwa cewa Bikila da takalmi ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964, cikin lokacin da ya fi na Rum kyau. Kamfanin Vibram, wanda ya yi tallan takalmi marar soso da alkawarin rage rauni, ya biya dala miliyan 3.75 a 2014 don a sasanta ƙarar da aka kai shi. Wani babban gwaji da aka yi a Luksambag da 'yan gudu sama da 800 ya nuna cewa masu soso mai laushi sun fi ƙarancin rauni a kan masu mai tauri, musamman marasa nauyin jiki. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne haɗarin sauyi na farat ɗaya. Wanda ya saba da gangaren milimita 10 ya koma sifili a mako guda, agararsa da sha-raɓarsa za su biya.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai-tsaye. Da yawa daga cikin mutanen karkara da na gari sun girma a silifa ko ba takalmi, ƙafafunsu sun saba da aiki, kuma ba lallai su buƙaci soso mai tsayi kamar wanda ya girma a rufaffen takalmi ba. Amma sabon da aka yi da tafiya a turɓaya daban yake da gudun kilomita goma a kwalta.

Gardama ta biyu a kan siffar tafin ƙafa ce. Shekaru da yawa ana koyar da cewa a jiƙa ƙafa a taka takarda: mai shimfiɗaɗɗen tafi a ba shi takalmi mai tokari a ɓangaren ciki, mai lanƙwasa sosai a ba shi mai laushi. Rundunar sojan Amurka ta gwada wannan a kan dubban kurata, an raba wa wasu takalmi bisa siffar tafinsu, wasu kuma aka ba su iri ɗaya. Ba a ga bambancin rauni ba. A Danmak an bi sababbin 'yan gudu sama da 900 tsawon shekara guda, duk da takalmi marar tokari, kuma waɗanda ƙafarsu ke ɗan karkata ciki ba su fi sauran jin ciwo ba. Duk da haka akwai gwajin da ya nuna cewa mai tokarin yana taimaka wa waɗanda karkatar tasu ta fito fili, don haka ba a yi watsi da shi gaba ɗaya ba.

Daga cikin wannan ruɗani ne Benno Nigg na Jami'ar Calgary a Kanada ya kawo shawara a 2015 cewa a zaɓi wanda ya fi daɗi a ƙafa, domin jiki yana da hanyar motsin da ya fi so, kuma takalmin da bai takura wannan hanya ba shi ne mai daɗin. Masu suka sun ce daɗi abu ne da ke canzawa, kuma abin da ya yi daɗi a minti biyu a shago ba lallai ya yi daɗi a kilomita na takwas ba. Sukar tana da tushe. Sai dai har yanzu ba a kawo wani ma'auni da ya fi shi aiki ga mai saye ba.

Ƙasar da za a taka da zafin da za a sha

An zana yawancin takalman nan ne ana tunanin titunan Turai da Amurka. Ƙasarmu ba ɗaya ba ce ko tsakanin garuruwanmu. A Garwa akwai kwalta a manyan tituna, amma da an kauce sai turɓaya da tsakuwa. A Marwa rairayi ne, har wasu ke atisaye a cikin Mayo Kaliao idan ya ƙafe da rani. Ngaundere tana kan tudu sama da mita 1,000, da jar ƙasa da damina mai tsawo, hanya tana santsi watanni da yawa. Wajen Kuseri baƙar laka ce da ke tsagewa da rani, ta kama ƙafa da damina. Mokolo kuwa duwatsu ne.

Wannan ya sa robar gindi ta fi muhimmanci a nan fiye da yadda masu tallan waje ke nunawa. Sababbin samfura da yawa suna barin soso a buɗe a tsakiyar gindi don rage nauyi. A kwalta mai santsi babu laifi. A burji tsakuwa tana cinye shi, tsidau da ƙayar aduwa kuma suna shiga kai-tsaye. A nemi wanda roba ta rufe daga diddige zuwa yatsu, mai zane da ya ɗan nutsa. Masu manyan ramuka a gindi suna kwasar duwatsu. Wanda mafi yawan gudunsa a burji ne zai iya duba ajin da ke tsakanin titi da daji, kamar Pegasus Trail ko Hoka Challenger, masu haƙora gajeru na milimita 3 zuwa 4. Masu dogayen haƙora, irin waɗanda suka dace da tseren hawan Dutsen Kamaru da ake yi a Buea, suna saurin cinyewa a kwalta kuma suna da tauri a ƙafa.

Kauri ma yana da iyakarsa. Duk yadda takalmi ya yi tsayi, haka idon sawu yake samun sauƙin gocewa a wuri mai kwazazzaɓo, kuma masu fita kafin gari ya waye ba kullum suke ganin rami ba. Matsakaicin kauri da faffaɗan gindi ya fi rage targaɗe.

Sai zafi. A Maris da Afrilu ma'auni yana wuce digiri 40 a Garwa da Marwa. Saman takalmi mai raga a buɗe yana shan iska, amma yana shigar da rairayi. Mai saƙa a matse yana tare ƙura, amma yana dafa ƙafa. Ba a samun duka biyun, kuma ga yawancin mutane shan iska ya fi, sai a haɗa da safa mai ɗan tsayi. Saman da aka saƙa kamar safa ƙarangiya na manne masa. Akwai kuma tarko a kayan gwanjo: da yawansu na sanyin Turai ne, an yi musu shafi mai hana ruwa shiga, ana gane su da rubutun Gore-Tex ko GTX. Mai sayarwa zai yaba shi, amma a zafinmu gumi ne zai taru a ciki, daga nan sai bororo da cin ruwa. Wanda ya yi alwala ya fita gudu bayan sallar asuba ya tsane tsakanin yatsunsa kafin ya sa safa, saboda wannan dalili.

Zafi yana sassauta gam, yana kuma tsufar da soso. Shanya takalmi a kan rufin kwano ko barinsa a cikin mota da rana yana rage masa kwana. A cire shimfiɗar ciki, a shanya a inuwa.

Sabo, gwanjo ko jabu

Nan ne ainihin zaɓin yake ga yawancin mutane. Takalmin kullum na manyan kamfanoni yana kaiwa yuro 130 zuwa 150 a Turai. Tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, kuɗin ya kama kusan dubu 85 zuwa dubu 98, kafin a sa kuɗin sufuri da kwastan. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba a Kamaru sefa dubu 60 ne tun 2023. Don haka idan aka ga "sabon" Pegasus a kwali a kan dubu goma, lissafin kansa ya ba da amsa.

Jabu ya kwaikwayi kamanni ne, bai kwaikwayi soso ba. Wani yana da tauri kamar katako, wani kuma ya lotse cikin makonni. Rubutun ƙasar da aka ƙera shi ba ya raba gardama, domin na ainihin ma a Biyetnam da Indunusiya da Sin ake ɗinka mafi yawansu. Abin da ya fi taimakawa shi ne lambar samfurin da ke jikin takardar harshen takalmin: a rubuta ta a waya, hoton da zai fito ya zama samfurin da launin da ke hannunka. A duba ɗinki, a duba ko gam ya tsiyayo a gefe, a shinshina. Masu jabu sun ƙware, wani lokaci har lambar sukan kwafa daidai, saboda haka a ƙarshe soson ne shaida.

A lura kuma da cewa na Sin ba duka ne jabu ba. Li-Ning da Anta da Xtep da 361° kamfanoni ne masu sunan kansu, suna yin takalman gudu na gaskiya, haka ma Kiprun na shagunan Decathlon na Faransa. Takalmi na ainihi daga kamfanin da ba a san shi sosai ba ya fi jabu mai babban suna.

Gwanjo, wanda diloli ke shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Duwala su hauro arewa, galibi na ainihi ne. Matsalarsa ita ce ba a san tafiyar da ya yi ba. Ana ƙiyasta rayuwar takalmin gudu da kilomita 500 zuwa 800, kuma soso yana mutuwa tun sama yana sheƙi, balle an wanke an goge. Akwai gwanjon da mai shi ya sa sau kaɗan ya gaji da gudu, akwai wanda aka tatse. Ana rarrabe su da hannu da ido. A ajiye ƙafa biyun a kan tebur a dube su ta baya: wanda ya karkata gefe ya ɗauki tafiyar wani, zai kuma tilasta wa ƙafarka ita. A danna soson da babban yatsa daga ciki bayan an cire shimfiɗa. Mai rai yana nutsawa ya dawo, mataccen ko ya ƙi nutsawa ko ya ƙi dawowa. Zurfafan tamoji a gefen soso alamar gajiya ce. A murɗa shi kamar ana matse wanki: ya ɗan yi gardama, ya kuma lanƙwashe a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. A matsa bayan diddige a ji ko da sauran ƙarfi. Nike da Adidas da wasu suna buga watan ƙira a takardar ciki, kuma wanda ya shekara bakwai ko takwas, ko ba a sa shi sosai ba, gam ɗinsa yana iya saki a zafin bazara.

Lissafin da ya fi nuna gaskiya shi ne kuɗin kowane kilomita. A ce sabo na dubu 90 ya yi kilomita 700, kowane kilomita ya tashi kusan sefa 130. A ce gwanjo na dubu 12 yana da sauran kilomita 300, ya tashi sefa 40. A ce jabu na dubu 8 ya mutu a kilomita 100, ya tashi 80, ban da abin da gwiwa ta sha. Misali ne kawai, farashi yana bin kasuwa da iya ciniki, amma ya nuna dalilin da ya sa gwanjo mai kyau yake gaba ga mai ƙaramin ƙarfi. Mai gyaran takalmi zai iya ɗinke sama, ya manna roba, ya ƙara masa watanni. Soson da ya mutu kuwa ba ya gyaruwa.

Awo

Lambar takalmi ba ta zama ɗaya tsakanin kamfanoni. Lamba 43 ta wani tana iya zama 44 ta wani. Abin da ya fi tabbas shi ne tsawon santimita da ake bugawa a takardar ciki, kusa da haruffan CM ko JP. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a yi gudu da ita, a kuma gwada ƙafa biyun domin ɗaya takan fi ɗaya. Tsakanin yatsa mafi tsawo da ƙarshen gaban takalmi a bar faɗin babban yatsan hannu, wajen santimita ɗaya. Takalmin gudu yakan fi na zuwa biki da rabin lamba ko lamba guda.

Faɗi shi ne abin da aka fi mantawa. Ƙafar da ta girma a silifa takan baje a wajen yatsu, yawancin samfuran waje kuma matsattsu ne a nan. A ciro shimfiɗar ciki a taka ta a tsaye. Idan ƙafa ta zubo ta gefe, takalmin ya yi kaɗan ko da tsawonsa ya isa. Masu alamar 2E faffaɗa ne. Maganar mai tebur cewa "zai buɗe idan ka sa shi" ta fata ce, yadin roba ba ya buɗewa sosai, kuma farcen da ya yi baƙi shi ne sakamakon. Mace mai faɗin ƙafa babu abin da ya hana ta ɗaukar na maza. Idan diddige yana zamewa, ramin ƙarshe na igiya da mutane ke bari a banza an yi shi ne don a ɗaure wuyan takalmin. Mai ciwon sukari ya shafa cikin takalmin da hannu ya tabbatar babu ɗinki mai kaifi, ya kuma riƙa duba ƙafarsa bayan kowane gudu, musamman da hunturu lokacin faso.

Yaushe ake canzawa, kuma ko ɗaya ya isa

Mai gudun kilomita 5 sau huɗu a mako yana cin kilomita 20, wato zai kai 700 cikin wata takwas. Mai nauyin jiki, ko mai bin tsakuwa, ko wanda ke yawon gari da takalmin, zai riga haka. Alamomin su ne roba ta shafe har soso ya bayyana, takalmin ya karkata, ko wani sabon ciwo a ƙwauri ko gwiwa ba tare da an ƙara yawan gudu ba.

Wani bincike na Luksambag da ya bi 'yan gudu 264 tsawon mako 22 ya gano cewa masu musanya takalma fiye da ɗaya sun sami ƙarancin rauni da kashi 39 cikin 100. Bibiya ce aka yi, ba gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a ba, don haka ba za a ce takalman kaɗai ne sanadi ba. Ga mai sayen gwanjo dai abin yana da sauƙin gwadawa: takalma ƙafa biyu masu bambancin gini, ɗaya na kwalta ɗaya na burji, ba su kai rabin kuɗin sabo ɗaya ba, kuma da damina ɗaya yana bushewa ana amfani da ɗayan.

Likitocin wasanni sun fi danganta raunin gudu da ƙara nisa ko sauri cikin gaggawa fiye da irin takalmin. Wannan ya fi shafar masu shirin gwajin shiga aikin ɗamara, waɗanda sukan zauna har a fitar da sanarwa, sannan su fara gudun safe da yamma a sati uku, da takalmin da aka saya jiya. Sabon takalmi, ko gwanjon da ya zama sabo ga ƙafarka, yana buƙatar a fara shi da gajerun gudu ana musanya shi da tsohon na mako biyu ko uku, kuma wanda za a shiga gwaji da shi ya zama an riga an yi nisan gwajin da shi sau da yawa kafin ranar.